Zaɓen garin bakin teku domin zaman ritaya: me ya kamata a fara dubawa?

Mai Shirin Ritaya:
Assalamu alaikum, jama'a. Ni da maiɗakina mun kusa ajiye aiki, kuma mun daɗe da niyyar mu koma wani gari na bakin teku mu ƙarasa rayuwarmu a can, saboda sanyin iska da kwanciyar hankali, da kuma samun wurin da mutum zai riƙa taka ƙafa kullum ba tare da hayaniyar motoci ba. Damuwata ita ce duk bayanin da ke zuwa hannuna daga masu sayar da gidaje yake fitowa, su kuwa ba sa nuna wa mutum komai sai farin yashi da faɗuwar rana. Ina roƙon waɗanda suka zauna a irin waɗannan garuruwa, ko suka san su ta fuskar aikinsu, su gaya mini abin da ya kamata in sa a gaba wajen zaɓe, da kuma abin da zan iya haƙura da shi idan ban samu ba.

Tsohuwar Nas:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a ajiye aiki lafiya. Shawarata ita ce ka ajiye hoton teku a gefe tukuna, ka fara da tambayar inda asibiti yake. Ba ƙaramin asibitin da ake duba zazzaɓi da ɗaure rauni nake nufi ba, domin kusan kowane garin 'yan yawon buɗe ido yana da irinsa. Ina nufin asibitin da ke da sashen gaggawa dare da rana, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, da likitan zuciya. Dalilina shi ne cututtukan da suka fi kama mutum farat ɗaya bayan ya haura shekara 65 da lokaci suke tafiya. Mai shanyewar ɓarin jiki wanda gudan jini ya toshe masa jijiya, allurar da ke narkar da gudan ana yin ta ne cikin sa'o'i huɗu da rabi daga fara alamun, kuma kafin a yi ta dole sai an ɗauki hoton kansa an tabbatar ba zubar jini ba ne. Mai bugun zuciya kuwa ana so a buɗe masa jijiyar cikin kimanin sa'o'i biyu. Idan ka cire lokacin da iyali za su ɗauka kafin su gane abin da ke faruwa, da lokacin jiran motar asibiti, za ka ga abin da ya rage wa hanya ba shi da yawa.

Garuruwan bakin teku kuma suna da wata matsala tasu, wato a ƙarshen hanya suke. Gari na tsakiyar ƙasa yana iya samun asibitoci ta gabas da yamma da kudu da arewa, amma rabin kewayen garin gaɓa ruwa ne, kuma sau da yawa hanya ɗaya tak ke shiga cikinsa. A shekarar 2021 babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya keɓe rahotonsa na shekara gaba ɗaya ga lafiyar mazauna garuruwan gaɓa, inda ya nuna cewa sun fi sauran ƙasar fama da ciwon zuciya da na huhu da ciwon suga, alhali ƙwararrun likitoci da ma'aikatan jinya sun fi ƙaranci a wurinsu idan aka kwatanta da yawan marasa lafiya. Wani ɓangare na dalilin shi ne tsofaffi suna ta kwarara zuwa can, matasan ma'aikata kuma suna barin wurin. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da tsarin lafiya na gwamnati tun 1948, to ya kamata a bincika da kyau a ko'ina.

Dattijon Gaɓa:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, amma ina tsoron kada a tsorata bawan Allah nan tun bai fara ba. Ni a bakin teku nake zaune tun da na bar aiki, kuma ban taɓa yin nadama ba. Akwai wani alheri a zaman nan wanda ba ya shiga lissafin nisan asibiti. Mutum yana fita tafiya kullum ba don likita ya tilasta masa ba, sai don wurin da kansa yana kiransa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma na ga tsofaffi da yawa da suka kasa cika wannan a babban birni, amma a nan suna wuce shi ba su ma sani ba. Teku kuma tana daidaita yanayi, domin ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi kuma ba ya saurin sakinsa, shi ya sa rana ba ta ƙuna kamar a cikin ƙasa, dare kuma ba ya tsananin sanyi. Masu bincike a Jami'ar Exeter sun duba ƙidayar jama'ar Ingila ta 2001, suka wallafa a 2012 cewa mutanen da ke kusa da gaɓa sun fi bayyana kansu a matsayin masu ƙoshin lafiya, kuma bambancin ya fi fitowa a tsakanin marasa ƙarfi. Saboda haka burin Malam ba mafarki ba ne.

Tsohuwar Nas:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ban musa ko ɗaya ba. Binciken nan biyu ba sa karo da juna. Teku tana taimaka wa mai lafiya ya riƙe lafiyarsa, amma ba ta yi wa marar lafiya magani, kuma wanda ya koma can yana da shekara 60 zai wayi gari yana da 80 a wuri guda. Abin da nake roƙo shi ne a zaɓa wa mai shekara 80 ɗin gari, domin mai 60 yana iya zama a ko'ina.

Injiniyan Gine-gine:
Ni zan yi magana a kan ƙasar da gidan ke kai da kuma ginin kansa, domin a nan ne na ga mutane suna asarar abin da suka tara tsawon rayuwarsu.

Tambayar farko da zan yi wa duk mai sayar da gida ita ce, mita nawa daɓen gidan ya ɗara matakin da ruwa ke kaiwa a lokacin cikar teku mafi girma? Nisan gida daga ruwa ba shi ne ma'auni ba, tsayinsa ne ma'auni. Gidan da ke kan tudu mai mita 15 yana kallon ruwa ya fi aminci a kan wanda ke kilomita biyu daga gaɓa amma a cikin fadamar da aka cike da yashi. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa matakin teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma saurin ƙaruwar a shekarun baya-bayan nan ya kai kusan milimita 3.7 a shekara. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne, cikin shekara 25 bai wuce faɗin tafin hannu ba. To amma ba a natse ruwan ke shiga gida ba. Yana shiga ne ranar da guguwa ta turo teku a daidai lokacin cikarta, ga kuma ruwan sama da ya rasa inda zai zuba saboda bakin magudanun ya nutse, kuma a irin wannan rana kowane santimita yana da tasiri. A wasu wuraren ma ƙasar ce ke lotsawa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashinta, kamar arewacin birnin Jakarta na ƙasar Indonesiya, inda lotsawar ta fi hawan tekun sauri nesa ba kusa ba.

Akwai wani lissafi da ke ruɗar mutane, kuma ina so Malam ya riƙe shi. Idan taswirar hukuma ta ce unguwa tana yankin ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari, ba wai sai bayan shekara ɗari za ta zo ba. Ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100. Idan aka tara wannan na shekara 30, yiwuwar ta kai kusan kashi 26 cikin 100, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. Mai ritaya da ke fatan tsawon rai ya kamata ya kalli wannan adadi da idon basira.

Sai zaizayar gaɓa. Gaɓar Holderness a gabashin Ingila tana ja da baya kimanin mita biyu a kowace shekara, domin ƙasar wurin yumɓu ce mai laushi, kuma akwai ƙauyuka da dama da suke cikin tsofaffin taswirori amma yanzu suna ƙarƙashin ruwa. Abin da ya fi wannan ɗaga hankali shi ne labarin ƙauyen Fairbourne a yankin Wales, wanda masu ritaya da yawa suka sayi gidaje a cikinsa. Teku ba ta riga ta cinye shi ba, amma da hukumomi suka bayyana cewa ba za su iya ci gaba da kare shi ba bayan wajen shekarar 2054, darajar gidajen ta faɗi nan take, bankuna kuma suka ja baya daga ba masu son saye bashi. Mutane suka wayi gari da gidan da ba su iya sayarwa da daraja ko da lalurar rashin lafiya ta sa suna son komawa kusa da 'ya'yansu. Don haka a tambayi hukumar yankin ko tana da rubutaccen shiri na kare gaɓar, da kuma shekara nawa shirin ya ɗauka.

Mai Shirin Ritaya:
Injiniya, na gode ƙwarai. Amma ga wani abu da ya ɗaure mini kai. Duk wanda na tuntuɓa a kan gidan tsufa yana ce mini in nemi gida na ƙasa marar matakala, saboda gwiwa da kuma tsoron faɗuwa. Maiɗakina ma tana fama da ciwon gwiwa tun yanzu. Idan kuma ambaliya ce abin tsoro, ai bene ya fi. Wanne zan bi?

Injiniyan Gine-gine:
Malam, ka taɓo ainihin wurin da shawarwari biyu masu kyau suke cin karo, kuma an yi asarar rayuka a kansa. A daren 27 zuwa 28 ga Fabrairun 2010 guguwar Xynthia ta faɗa wa gaɓar yammacin Faransa a daidai lokacin cikar teku. A wani ƙaramin gari mai suna La Faute-sur-Mer mutum 29 suka rasu, yawancinsu tsofaffi. Gidajensu na ƙasa ne, irin waɗanda ake yaba wa masu ritaya, an gina su a wani kwari a bayan ganuwar tare ruwa. Da ruwan ya haure ganuwar cikin dare sai ya cika kwarin, mutane suna barci, babu saman bene da za su hau, wasu kuma murafun tagoginsu da lantarki suke aiki, wuta kuwa ta ɗauke. Daga baya gwamnati ta saye ɗaruruwan gidaje a wurin ta rushe, aka kuma gurfanar da magajin garin a gaban kotu.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne ba siffar gidan za a fara zaɓa ba, wurin za a fara zaɓa. Gida na ƙasa a kan tudu shi ne ya haɗa alherin biyu, ko da kuwa hakan na nufin sai an yi tafiyar minti goma ko ashirin kafin a taka yashi. Idan tudu bai samu ba, to gida a hawa na biyu ko na uku na bene mai lif, da sharaɗin akwai janareta da ke ɗaukar lif ɗin, kuma ba a ajiye janaretan da allon wutar a ƙarƙashin ƙasa inda ruwa zai fara cika ba. Abin da ba zan taɓa ba dattijo shawara a kai ba shi ne gida na ƙasa a bayan ganuwa, ƙasa da matakin ruwa, komai arharsa.

Benen ma yana da nasa binciken. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishirin yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. A ranar 24 ga Yunin 2021 wani bene mai hawa 12 ya rufta a Surfside da ke jihar Florida ta Amurka, mutum 98 suka rasu. Ba gishiri kaɗai za a ɗora wa laifi ba, domin bincike ya nuna akwai rauni tun daga zane da gini, amma tun 2018 wani injiniya ya rubuta rahoton mummunar lalacewar kankare a ginin, kuma masu gidajen sun daɗe suna ja-in-ja a kan kuɗin gyara. Bayan haka jihar ta yi doka a 2022 da ta wajabta duba tsofaffin benaye da tara kuɗin gyara, sai kuɗin da ake karɓa daga mazauna ya yi tashin gwauron zabo, kuma masu dogaro da fansho ne suka fi jin jiki. Wanda zai sayi gida a bene ya nemi rahoton injiniya na ƙarshe, da bayanin abin da ke cikin asusun gyara, da rubutattun bayanan tarukan masu gidaje. Idan aka hana shi ganin waɗannan, ya riga ya samu amsarsa.

'Yar Mai Jinya:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, ko da yake ban kai shekarun ritaya ba. Ni ce ke kula da mahaifiyata, wadda ta koma wani garin gaɓa tare da mahaifinmu kafin Allah ya yi masa rasuwa. Duk abin da aka faɗa na asibiti da gini gaskiya ne, amma abin da ya fi wahalar da mu ba ya cikinsu. Garin da suka zaɓa sun san shi ne a lokacin hutu, lokacin da kowane shago a buɗe yake, motocin haya suna ta kai da kawowa, tituna cike da jama'a. Da lokacin baƙi ya wuce sai rabin garin ya rufe, har da kantin magani mafi kusa, motar haya ta koma sau biyu a yini, gidajen da ke kewaye da su kuma ashe na masu zuwa hutu ne, babu kowa a ciki wata da watanni. Muddin mahaifinmu yana tuƙi ba su ji komai ba. Da ya rasu, ita kuma ba ta tuƙi, sai ta zama kamar an ajiye ta a tsibiri. Tana iya yin kwanaki ba ta yi magana da kowa ido da ido ba.

Saboda haka, Baba mai tambaya, ina roƙonka ka yi wa kanka tambaya mai nauyi tun yanzu: idan ɗayanku ya riga ɗaya, wanda ya rage zai iya rayuwa a garin nan shi kaɗai ba tare da mota ba? Zai iya takawa da ƙafa zuwa kasuwa da kantin magani da wurin ibada? Akwai maƙwabta na dindindin da za su lura idan ba a buɗe taga da safe ba? Kuma 'ya'yanku, sa'o'i nawa za su ɗauka kafin su iso idan aka kira su da tsakar dare?

Dattijon Gaɓa:
'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba mahaifiyarki lafiya, ya saka miki da alheri. Kin faɗi abin da ya kamata in fara faɗa. Dalilin da ya sa zamana ya yi daɗi shi ne garin da nake ciki ba don baƙi aka kafa shi ba. Gari ne na masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa, yana da makarantu da kasuwa da ofisoshin hukuma, kuma ko babu baƙo ko ɗaya zai ci gaba da harkokinsa. Ga wata alama da nake ba mutane: ka je ka ga ko akwai makarantar firamare mai cike da yara. Inda akwai yara akwai iyaye masu aiki, inda akwai su kuma za a samu mai gyaran famfo da mai gyaran wuta da mai jinya da za a iya ɗauka ta kwana da marar lafiya. Garin da kowa a cikinsa tsoho ne, ko kuma gidaje suka yi tsadar da ma'aikaci ba ya iya kama haya, wa zai kula da wa? Gaɓarmu ba ta kai wasu kyau ba, akwai ƙarnin kifi da ƙarar injin jirage da asuba, amma na gwammace wannan a kan kyakkyawan wurin da ba kowa.

Sai dai ban yarda a ce dole mutum ya zauna inda 'ya'yansa suke ba. 'Ya'yan yanzu aiki yana ɗaga su daga gari zuwa gari, kuma na san waɗanda suka bi ɗa zuwa wani birni, bayan shekara biyu aka yi wa ɗan canjin wurin aiki ya bar su a can. Abin da za a duba shi ne sauƙin isowa, wato tashar jirgin ƙasa ko filin jirgin sama da ke aiki duk shekara.

Barista:
Malam bai faɗa mana ko a cikin ƙasarsa zai zauna ko zai ƙetare iyaka ba, don haka zan taɓo duka biyun a taƙaice.

Ƙasar da ke dab da ruwa tana da dokoki na musamman kusan a ko'ina. A Sifaniya dokar gaɓa ta 1988 ta mayar da bakin ruwa mallakar jama'a, ta kuma ware mita 100 a bayansa a matsayin yankin kariya, har wasu da suka sayi gidaje da takardunsu suka tarar abin da ya rage musu izinin amfani ne na wasu shekaru. A Meziko baƙo ba ya mallakar fili kai tsaye a cikin kilomita 50 daga gaɓa, sai ta hanyar amanar banki mai wa'adin shekara 50 da ake sabuntawa. A Tailan baƙo ba ya mallakar fili, amma yana iya sayen gida a bene matuƙar rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 49 cikin 100 ba. Lauyan da zai duba maka takardu ya zama naka ne kai kaɗai, ba wanda dillali ko mai ginin ya kawo ba.

Ga mai ƙetare iyaka, izinin zama da fansho da inshorar lafiya su ne ginshiƙai, kuma dukkansu suna iya canjawa bayan mutum ya riga ya tare. Ƙasashe irin su Panama da Kosta Rika suna ba mai fansho izinin zama idan ya nuna yana samun aƙalla dala 1,000 a wata. Fotugal ta daɗe tana jawo masu ritaya zuwa yankin Algarve da sassaucin haraji, amma ta rufe wannan tsari ga sababbin masu zuwa daga 2024, Sifaniya kuma ta soke bizar masu sayen gida a 2025. Ɗan Birtaniya da ya koma Ostareliya ko Kanada ko Afirka ta Kudu, fanshonsa na gwamnati yana tsayawa a adadin da ya fara karɓa, ba a yi masa ƙarin shekara-shekara. Tsarin Medicare na tsofaffin Amurka kuma, in ban da wasu 'yan lokuta, ba ya biyan jinyar da aka yi a wajen ƙasar. Kowa ya binciki nasa tsarin a rubuce, ya kuma tuna cewa idan fansho da kuɗin wata ƙasa ake biyansa, kashewa kuma da na wata, to canjin kuɗi kaɗai yana iya rage masa abin hannu ba tare da ya yi laifin komai ba.

Inshorar gida kuwa, ina ba da shawara a nemi farashinta kafin a biya ko sisi na kafin alƙalami. Kamfanonin inshora sun fi kowa sanin haɗarin kowace unguwa, domin su ne ke biya. Idan suka ƙi karɓar gida, ko suka tsuga kuɗi, sun gaya maka abin da dillali bai gaya maka ba. A Birtaniya, alal misali, tsarin Flood Re da aka fara a 2016 domin sauƙaƙa inshorar ambaliya bai shafi gidajen da aka gina daga 2009 zuwa yau ba, kuma an tsara zai ƙare a 2039, wato a cikin rayuwar wanda ke yin ritaya yanzu.

Tsohuwar Nas:
Ina so in koma kan batun guguwa, domin Injiniya ya yi maganar daren da ruwa ke shigowa, ni kuma makonnin da ke biyo baya ne suka fi tsaya mini a rai. A kowane bala'i na gaɓa tsofaffi ne suka fi mutuwa. A guguwar Katrina ta 2005 kusan rabin waɗanda suka rasu a jihar Louisiana ta Amurka shekarunsu 75 ne ko fiye. A igiyar tsunami da ta faɗa wa Japan ranar 11 ga Maris 2011 kusan kashi biyu cikin uku na mamatan sun haura shekara 60. A tsibirin Puerto Rico na yankin Karibiyan kuwa, bayan guguwar Maria ta 2017, ƙiyasin da gwamnati ta amince da shi ya kai mutum 2,975, kuma mafi yawansu ba iska ko ruwa ne ya kashe su ba. Sun rasu ne a watannin da aka yi babu wuta, babu hanya, mai wankin ƙoda bai samu inji ba, mai allurar insulin bai samu firji ba, mai buƙatar iskar oksijin ta yanke masa. Don haka a tambayi mazauna garin, ba dillali ba, kwana nawa suka yi babu wuta da ruwa bayan guguwar da ta gabata, kuma ko hukumar garin tana da rajistar tsofaffi da naƙasassu da za a kwashe idan an ba da gargaɗi. Garin da gada ɗaya ko jirgin fito ne kaɗai mafitarsa, sai an yi tunani sau biyu.

Ga masu asma da ciwon huhu, kada a ɗauka iskar teku kullum magani ce. Danshi yana haifar da funfuna a bango da cikin kabad, wadda ke tayar da asma. A gaɓar yammacin Florida akwai lokutan da wasu ƙananan halittun ruwa ke yaɗuwa su rina teku ja, gubarsu ta bi iska ta sa mutane tari, kamar yadda aka yi fama daga 2017 zuwa farkon 2019. A tsibiran Karibiyan kuma tun 2011 wata ciyawar teku ke taruwa a gaɓa tana ruɓewa tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A wurare masu zafi a tambayi batun sauro da zazzaɓin dengue.

Mai Shirin Ritaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Da niyyar saye na zo, amma yanzu na fi karkata ga kama haya tukuna. Abin da ya rage mini shi ne, hayar wata nawa za ta isa mutum ya san gari, kuma me zan riƙa lura da shi a lokacin?

Dattijon Gaɓa:
Shekara guda cur, Malam, domin ka ga kowane yanayi da idonka, gani ya kori ji. Idan hali bai ba da shekara ba, to ka zaɓi watannin da mazauna garin da kansu suke kuka da su, ko na ruwa da iska ne ko na tsananin zafi da danshi, sannan ka ƙara da mako biyu a tsakiyar lokacin baƙi, ka ga cunkoson hanya da hayaniyar dare da yadda ruwan famfo ke raguwa. Kada ka sayar da gidanka na yanzu kafin wannan shekara ta cika. A cikinta ku yi rajista da likita ku ga tsawon jiran ganinsa, ku gwada yin mako guda ba ku taɓa mota ba, ku kuma bi hanyar babban asibiti a ranar da gari ya fi cika ku duba agogo. Maiɗakinka ta gwada hanyar zuwa bakin ruwa da gwiwarta, domin tafiya a busasshen yashi tana da wuya ga mai ciwon gaɓɓai, abin da zai amfane ta shi ne shimfiɗaɗɗiyar hanya mai kujeru da inuwa a gefen ruwan.

Injiniyan Gine-gine:
In ƙara a kan na Baba, ka fita yawo washegarin ruwan sama mai ƙarfi ka ga titunan da ruwa ya kwanta, ka duba gindin katangu ko akwai layin da ambaliyar baya ta bari, ko sabon fenti da ya tsaya a daidai gwiwa. Ka ɗaga kai ka duba ƙarƙashin barandar benaye, idan ka ga jan zane na tsatsa ko kankare ya ɓamɓare rodi ya fito, gishiri ya riga ya shiga. Ka tambayi maƙwabta shekara nawa na'urar sanyaya ɗaki da ƙofofin ƙarfe suke yi musu kafin su lalace, domin wannan kashe kuɗi ne da zai riƙa dawowa, kuma dole ya shiga lissafin fansho. Idan gidan da rijiya ko burtsatse yake amfani, ka ɗanɗani ruwan a ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya na teku ya matso. Idan ka ji zartsi, ka kai shi a auna gishirinsa kafin ku ci gaba da sha, musamman idan ɗayanku yana da hawan jini.